Yawon Buɗe Ido: Jirgin Bauchi da Bai Taɓa Zuwa Bauchi Ba

A Turai da Amurka akwai masu sayen mota mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, su kwashi iyali lokacin hutu suna bin gidajen tarihi na tsofaffin motoci da jirage. Mu a Ikara da Maƙarfi da Kudan ba mu da irin wannan mota, amma abin kallo muna da shi, kuma bas ɗin haya ta wadatar.

'Yan Likoro da Gimi sun san layin dogon da ya ratsa ta wajensu, wanda ya isa Kano a 1911. To akwai ƙanensa da yawancinku ba ku taɓa jin labarinsa ba. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau tudu har Jos da Bukuru a 1914. Turawa suka shimfiɗa shi don kwasar kuza, wadda kafin nan a ka ake dakonta. Jirgin Bauchi ake ce masa, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi ne.

Ɗan siriri ne. Tsakanin ƙarafunsa ƙafa 2 da inci 6, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6. Wannan ƙafa ɗaya ita ta cuce shi: duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa a babban jirgi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai ciniki ya fara guje masa. A 1957 aka rufe shi.

Wasu daga cikin kawunan jirgin suna nan ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. Wanda duk ya tsaya gabansu ya ga inda ake zuba kwal, da tukunyar ruwa, da sandunan da tururi ke turawa su juya ƙafafu, ya gama fahimtar darasin da muke ta haddacewa a ajin fiziks. Ni a ganina wannan ya fi zuwa gidan zu a karo na uku.

Ku sa shugaban ƙungiyar tarihi ta makarantarku ya kai wa shugaban makaranta maganar tun kafin hutu, a yi karo-karon kuɗin mota. Ku tafi da tef ɗin awo.

Kafin nan ga aikin gida, kuma na gaggawa ne. Wanda ya hau jirgin nan da wayonsa yau ya tasam ma shekara 80 ko ya wuce. In kuna da kaka ko dattijon unguwa da ya taɓa fatauci ta Dutsen Wai, ku zauna da shi a makon nan, ku tambaye shi nawa ya biya, awa nawa suka yi a hanya, da abin da ake sayarwa a tasha. Ku rubuta ku aiko wa wannan fili.