RUMBUNKA KO RUMBUN WANI?

Wanda ya tsaya yau a Ƙofar Kwaya a birnin Katsina, abin da zai gani tituna ne da motoci da kantuna. Ganuwar da ta kewaye birnin a dā ta zaizaye, sai ɗan abin da ya rage nan da can. Yaron da ya tambayi yadda wurin ya ke a zamanin Sarki Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ba abin da za a nuna masa sai hoto, in akwai shi. To, ashe hoto ba abin wasa ba ne, shaida ne. Tambayarmu ita ce, ina ya kamata a ajiye wannan shaida?

Yanzu ofisoshi da makarantu da yawa sun ɗauki wata al'ada. Da an ɗauki hoton bikin makaranta, ko na sabon gini, ko na wani tsohon kundi, sai a ɗora shi a Facebook ko a ma'ajin wani kamfani na ƙasar waje, a share na cikin waya, a ce an ajiye. Ba mu musun amfanin wannan. Ba a biyan ko kwabo da fari, gara ba ta ci, kuma ɗan Katsina da ke Makka ko Ingila ya gani nan take.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. A 2017 kamfanin Photobucket ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da fitowa a wasu shafuna sai ya biya dala 399 a shekara, hotuna masu ɗimbin yawa suka ɓace wa masu karatu dare ɗaya. A 2019 Flickr ya ƙayyade wa masu ajiyar kyauta hoto 1,000 kacal. A 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. Ba zalunci suka yi ba, watau mai rumbu shi ke da mabuɗi. Mu ma nan gida mun ɗanɗana: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina sabo da sha'anin tsaro. Wanda ajiyarsa duk ta na waje, a lokacin nan bai iya kai hannu gare ta ba.

Kada kuwa wani ya zaci ajiyar gida ba ta da nata ciwo. Na'ura ta kan lalace, wutar lantarki ta kan ɗauke, ga ɓarawo, ga gobara. Mafi muni shi ne a bar kome a hannun mutum ɗaya, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da kwamfutar da kalmar sirrin gaba ɗaya.

Shawararmu ba sabuwa ba ce, wajen akawunan En'e na dā muka samo ta. Akawun kirki ba ya aika takarda sai ya bar kwafinta a fayil, da lamba da kwanan wata. Haka ya kamata a yi wa hoto. Asalinsa ya zauna a ofis ko a makaranta, a hannun hukumar wurin, ba a wayar wani ba. A yi kwafi na biyu a kai wani gini dabam. Sa'an nan na uku a ɗora a intanet don jama'a su gani, a ɗauke shi tamkar kasuwa, wurin baje haja, ba wurin kwananta ba. Kowane hoto a rubuta wurin da aka ɗauke shi, da shekara, da sunayen waɗanda ke ciki, gama hoton da ba bayani kurma ne. Masu tsofaffin hotuna kuma su nemi shawarar gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina.

Akawuna da malaman makaranta, wannan aiki naku ne. In kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.