IN AN NUNA MIKI HOTO, KI SAN ABIN DA ZA KI FAƊA

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muka raina, alhali kuwa yana da nauyi, watau maganar da ke fita daga bakinmu sa'ad da wata ta ɗauki hoto da hannunta ta kawo mana mu gani.

A da, in ji iyayenmu, ɗaukar hoto sha'ani ne na musamman. Sai ran Sallah ko biki ake kiran mai hoto, a ci ado a jeru, ya ɗauka, sa'an nan a yi kwana da kwanaki ana jira ya wanko ya kawo. Fim guda ba ya wuce hoto 24 ko 36, don haka ba a wasa da shi. Yanzu kuwa wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, daga Sabon Birni har Isa da ƙauyukansu. To, amma mallakar waya daban, iya ɗauka daban, kuma duk mai koyo yana bukatar mai gyara masa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata yarinya da nake koyarwa a aji shida ta ari wayar innarta ta ɗauki kakarta tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Ran wani suna ta kawo hoton cikin taron mata tana murna. Da yake rana tana bayan tsohuwar, sai fuskar ta fito baƙi ƙirin. Nan take wata ta kece da dariya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kakarki ce ko kututture?" Sauran suka taya ta. Yarinya ta sunkuyar da kai, ta goge hoton a gabanmu. Ni kuwa na ga hoton kafin ta goge, na ga yadda hannuwan tsohuwar da mazarinta suka fito tangaram, amma na ja bakina na yi shiru don kada a ce na cika iyayi. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa, ga shi ba ta da wani hoto a duniya. Har yau shirun nan yana damuna.

A wajen duba hoto mun kasu biyu. Akwai masu kushe, waɗanda ba su ganin komai sai aibu, kuma maimakon su yi maganar hoton sai su koma kan mai shi ko wanda ke ciki: wance ta rame, wance ta yi baƙi, zanen wance ya koɗe. Akwai kuma masu yabon fatar baki, da an miƙo sai su ce "Kai, ya yi kyau!" tun ba su duba ba. Na farko suna kashe gwiwa, na biyu suna barin mai koyo cikin duhu. A aji na ga irin wannan. In na zane littafin yaro da jan biro tun daga sama har ƙasa, gobe ɓoye mini littafin zai yi. In kuwa na rubuta "da kyau" a kan aikin da ke cike da kurakurai, na cuce shi, don ran jarrabawa zai gane na yaudare shi.

To, yaya ya kamata a yi? Da farko ki karɓa da hannu biyu ki duba a tsanake. Sa'an nan ki tambaye ta, "Me kika so ki nuna a nan?" Domin in ba ki san inda mutum ya nufa ba, ba ki da ikon cewa ya ɓata hanya. Daga nan ki faɗi abin da ya yi daidai, ki ambace shi da sunansa, kamar ki ce, "Kin dace da lokacin da jaririn ke dariya." Bayan haka ki zaɓi gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda take da ikon yi da wayar da ke hannunta. Kada ki ce mata wayarta ba ta da kyau, tun da ba ke za ki saya mata wata ba. Kuma ki ja ta gefe, don gyara a tsakiyar taro tozarci ne.

Amma fa mai gyara tilas ta san abin da take gyarawa. Yawancin kurakuran masu koyo ba su wuce huɗu ko biyar ba. Babbansu shi ne haske. Kyamara takan auna hasken da ke gabanta duka, in ta ga sararin sama ko farin bango mai ƙyalli a bayan mutum sai ta rage haske, fuskar ta dushe. Maganinsa shi ne a juya mutum ya fuskanci inda haske ke fitowa, ko a shigar da shi inuwar rumfa ko ta dogon yaro. A yawancin wayoyi ma in kin taɓa fuskar a kan gilashi kafin ki ɗauka, za ta gyara hasken daidai da ita. Rana tsaka ba ta yi wa kowa kirki, takan zuba inuwa cikin kwarmin ido, gara da hantsi ko bayan la'asar. Sai kuma abin da ke bayan mutum: igiyar shanya da ta ratsa wuya, ko kwanukan wanke-wanke, ko icce da ya tsiro daga tsakiyar ɗankwali. Taku biyu zuwa dama ko hagu ya isa ya kawar da su. Akwai rawar hannu, wadda ke sa hoto ya yi dishi-dishi. A manna gwiwar hannu a jiki, a riƙe da hannu biyu. Akwai yanke kai ko ƙafa. In yaro ne ake ɗauka, a durƙusa daidai tsawonsa. Da hunturu kuma a riƙa goge idon kyamarar da gefen mayafi mai laushi, don ƙurar ƙasarmu ba ta ƙyale komai.

Kun ga ke nan da na buɗe baki ran nan, da kalma goma sha biyu ta isa: "Hannun Kaka ya fito sarai, gobe ki juya ta ta fuskanci haske."

Wata za ta ce, "Malama, duk wannan dogon bayani a kan wasan yara?" Ina roƙonta ta saurara. Seydou Keita na birnin Bamako a ƙasar Mali yaron kafinta ne sa'ad da wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa tsarabar 'yar kyamarar Kodak a 1935. Da kaɗan da kaɗan ya koya, ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, ya rataya zane a bayan mutane. Kafin ya rasu a 2001 an baje hotunansa a manyan biranen Turai da Amurka. A nan Nijeriya kuma Okhai Ojeikere ya soma ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hoto wajen dubu, har ya zamana ana komawa gare su a ga irin kitson da aka daina yi. Duk gwanin da kika gani, da rarrafe ya tashi. Da an yi musu dariyar da muka yi wa yarinyar nan, wa ya san inda za su tsaya?

Mu kuwa mutanen Gobir mun fi kowa bukatar masu ɗaukar hoto daga cikinmu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, tun ba a ƙago hoto ba, shi ya sa ba mu da surar birnin ko ta Bawa Jan Gwarzo, sai kufai da labari. Yau ma abubuwa suna shuɗewa a kan idonmu. Tsagar Gobirawa da ke fuskar kakanninmu ba kasafai ake yi wa jarirai ba, masu kaɗi da saƙa suna ƙarewa. Ga kuma masifar 'yan bindiga: a watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, kuma dubban 'yan'uwanmu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Macen da ta baro garinsu da goyo da ƙullin tsumma, hoton gidansu da na tsohonta da ke cikin waya ya fi mata zinariya, ko da a karkace aka ɗauke shi. Baƙo ba ya shiga cikin gida ya ɗauki tsohuwa tana kaɗi, sai 'yar gida. In mun kashe wa 'yar gida gwiwa, wa zai ɗauka?

Akwai gyara guda da ban yarda a sassauta ba. In kin ga hoton matar aure ko budurwa an ɗauka ba da saninta ba, ko ba lulluɓi, ki ce a goge, kada a tura wa kowa. Haka kuma hoton da ke nuna garken shanu, ko rumbuna, ko hanyar shiga gida, a wannan hali da muke ciki bai kamata ya yi yawo a WhatsApp ba. A yi wannan gargaɗi da taushin murya, amma a yi shi.

Ku kuma ƙannena masu ɗauka, ku koyi karɓar gyara ba tare da kumbura baki ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wadda ta tsaya ta duba aikinki ta nuna miki kuskure ta fi ƙaunarki bisa wadda ta yaba ta wuce. Kada kuma ki yi saurin goge hoto don wata ta yi dariya. Ki ajiye, ki sake ɗaukar wani gobe, ki gwada su gefe da gefe.

Ita yarinyar nan kuwa na kira ta na ba ta haƙuri. Makon jiya ta kawo mini hoton gwaggonta tana tankaɗe a inuwar zaure, haske ya zuba a fuskarta, tsagarta ta fito ɗaya bayan ɗaya. Na yaba, kana na nuna mata cewa ta yanke gefen rariyar. Ta yi murmushi ta ce za ta sake.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu iya bakinmu. Wassalam.