NAZARI: Dokar ƙwace dukiyar haram da makomar masu ara wa iyayen gidansu suna

A ranar 2 ga Disamba, 2024, Mai Shari'a Jude Onwuegbuzie na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya rukunin gidaje 753 da ke Lokogoma a Abuja, bisa buƙatar EFCC. A lokacin babu wanda aka samu da laifi a kan gidajen. Daga bisani tsohon Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya garzaya kotu yana ƙorafin cewa ba a sanar da shi yadda ya kamata ba, kotun ta yi watsi da ƙorafin.

Mutane da dama sun yi mamaki, alhali tsarin ba sabo ba ne. Tun 2006 sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ya ba da damar ƙwace dukiya ba tare da an ɗaure mai ita ba, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinsa a shari'ar Patience Jonathan. Dokar ƙwato dukiyar da aka tara ta hanyar laifi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Mayun 2022, ita ce ta faɗaɗa hanyar ta kuma tsara ta.

A nan dukiyar ake tuhuma, ba mutumin ba. Hukuma kan nemi umarnin riƙe kadara ba tare da mai ita yana zaure ba, a buga sanarwa a jaridu, a ba duk mai da'awa 'yan kwanaki ya bayyana. Ba a buƙatar hujjar da ta kawar da dukkan shakka kamar a shari'ar laifi. Ya wadatar alƙali ya ga zargin ya fi rinjaye.

Wannan ne ya kamata ya hana hadimai da ƙananan jami'ai barci. Ba safai babba ke sayen gida a Maitama da sunansa ba. Sunan mataimaki na musamman ake sawa, ko na direba, ko a yi wa kamfani rajista a ce akawun ofis ne darakta. Ranar da sanarwa ta fito, wanda sunansa ke takarda shi zai yi bayanin yadda albashin mataki na 9 ya sayi bene. Idan ya ce nasa ne, takardar bayyana kadarorin da ya cike wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata za ta ƙaryata shi. Idan ya ce na maigida ne, ya zama shaida a kan wanda ya ɗauke shi aiki. Gaba kura, baya sayaki.

Sai dai dokar ma tana da nata rauni. Sanarwar jarida ba ta kai sammaci a hannu ba, kuma wanda ya sayi fili da guminsa, bai san asalinsa ba, yana iya wayar gari wa'adi ya wuce shi. Sannan ba a kafa hukuma guda mai kula da kayan da aka ƙwace ba. An bar wa EFCC, ICPC, NDLEA da sauransu kowace ta buɗe sashenta, kuɗin kuma su shiga asusu na musamman a Babban Banki. Wato mai kamawa shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai gwanjo.

A Mayun 2025 EFCC ta miƙa gidajen Lokogoma ga Ma'aikatar Gidaje, wadda ta ce za ta kammala ginin ta sayar wa jama'a. Ma'aikatan da haya ta kora zuwa Mararaba da Suleja suna jiran jin farashi, da kuma sunayen waɗanda rabon zai faɗa wa.