Tsohuwar da muke ranƙwafarwa a labaranmu

A wannan makon za mu taɓo wata tsohuwa da kusan dukkanmu mun taɓa sa ta a labari. Ta ranƙwafa, tana dogara sanda, ta fito ta yi wa jikarta faɗa ta koma ɗaki. Da mun rubuta haka mun gama da ita, mai karatu ma ya ce tsufa ne. Alhali sau da yawa ciwo ne, likitoci na kiran sa zaizayewar ƙashi.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, daga nan kuma sai cin abin da aka tara. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke kare ƙashinta ya ja baya, sai zaizayewar ta ƙara sauri. Ba zafi, ba zazzaɓi. Ƙasusuwan gadon baya su dinga lotsawa, tsawonta ya ragu, doro ya fito. Ko santsi ya kwashe ta a makewayi ƙugu ya karye, a nufi gidan mai ɗori. Ƙiyasin masana shi ne, a duniya mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta yi irin wannan karaya.

Mu ɗauki Kalmalo, nan kusa da Illela, mu auna. Babban mutum na buƙatar wajen miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, macen da ta wuce 50 kuma 1,200. Kofi ɗaya na nono na ba da kusan 300. To garin nan yana bakin tafki, shekarar da ruwa ya zauna akwai kifi, kuma ƙananan busassun da ake taunewa da ƙayarsu sun fi manya amfani ga ƙashi. Ga shanu da ke cika kasuwar Illela ran Lahadi, ga Fulani da ƙoren nono, ga cuku daga tsallaken iyaka ta wajen Ƙonni, ga kuka, zogale da riɗi. Ba sai an jira wani abin gwangwani daga Turai ba.

A ganinmu matsalar tana wajen rabo. Wa ake dama wa fura da kindirmo mai kauri? Maigida da baƙonsa. Yarinyar da ta yini da ƙwaryar nono a ka tana talla, ita ce ke kan ganiyar gina ƙashi, ita ce kuma ba a tunawa da ita. Gobe a yi mata aure, ciki da goyo su bi juna, tana ci bayan kowa ya ƙoshi. Doron da za mu gani a shekara 65, tun tana 'yar 15 aka aza harsashinsa.

Wani zai ce ai muna da rana, kuma rana ke sa fata ta samar da bitamin D. Gaskiya ne, muddin hasken na taɓa fatar, ko da a tsakar gida ne da hantsi. Amma binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Rana ba ta maye gurbin nono.

Motsa jiki kuwa, ƙashi na ƙarfafa ne idan yana ɗaukar nauyin mai shi. Daka, tafiyar ƙasa, gaɗa a dandali, 'yar gala-gala, duk sun yi wa iyayenmu wannan aikin. Inji da babur sun rage wahala, ba ma kuma fatan ta dawo, amma a bar yara mata su yi tsalle-tsallensu, manya su samu tafiyar minti 30 a rana. Wadda ƙashinta ya riga ya yi rauni, a raba ta da ɗaukar tulu da yawan sunkuyo.

Akwai inda mu marubuta muke da hannu dumu-dumu. Sau nawa muka kwatanta amarya ta ciko ta yi ɓul-ɓul, muka mai da hakan ma'aunin kyau? Cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe akwai deksametason, kuma shan sa na dogon lokaci yana cinye ƙashi tun mace na da ƙuruciya. Kumatu su cika, gadon baya na lalacewa. 'Yan mata na karanta mu a waya cikin dare, wasu har suna tambayar sunan maganin da jarumar ta sha.

Duk mai tsohuwa a gida da ya lura zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa, ko ta karye a 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ya kai ta asibiti a duba ƙashin, ko da mai ɗori ya gama nasa. Akwai magungunan da ke rage zaizayewar, kuma karaya ta farko takan jawo ta biyu.