Rana kyauta ce, dare muke saye

'Yan'uwa malamai, duk wanda ke zama a ɗakin malamai lokacin tara ya lura hirarmu ta sauya. Shekara biyu ko uku da suka wuce, zancen shi ne wane ya sa sola a gidansa, wance ta karɓi adashe ta sayi faranti biyu da inbata, aka yi ta yi musu barka kamar sun tare a sabon gida. Yanzu kuwa waɗanda aka yi wa barkar su ne ke kuka. Farantan suna nan a kan kwano lafiya lau, rana ba ta fasa fitowa ba, amma da an yi sallar isha'i da awa biyu sai inbata ta fara ƙara, fanka ta tsaya, gida ya koma duhu. Batir ya mutu. Idan aka je kasuwa neman sabo, kuɗin da za a ji ya kan kai albashin wata da watanni.

Muna ganin lokaci ya yi da za mu ɗauke wannan magana daga ɗakin hira mu kai ta zauren taron reshe, domin ta shafi aikinmu kai tsaye. Da rana malami yana gaban allo. Tsara darasin gobe, da duba takardun jarrabawa, da cike sakamakon ɗalibai, duk aikin dare ne, kuma a daren ne 'ya'yanmu ke bitar karatunsu. Wanda ya kwana yana fifita da kwali a watan Afrilu ba ya shiga aji da natsuwa washegari, komai ƙwazonsa.

Sanin kowa ne ba don ƙawa muka koma wa sola ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ƙaramin janareta ya zama kayan ajiya a gidaje da yawa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga unguwannin da aka yi wa alkawarin wutar awa ashirin a yini, sauran unguwanni kuwa sai yadda hali ya yi. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ya ga wannan ya ɗaga kai ya dubi ranar da Allah Ya hore mana, bai yi wauta ba.

Sai dai akwai abin da mai sayarwa ba ya tsayawa ya yi wa mai saye dogon bayani a kai. Farantin sola kamar gona yake, batir kuwa shi ne rumbu. Faranti mai kyau ana ba shi garantin shekara 25, ba ya buƙatar komai sai a riƙa share masa ƙura. Rumbun kuwa kullum ana zuba masa da rana ana kwashewa da dare, kuma kowace zubawa da kwashewa tana rage masa kwana. Saboda haka kuɗin da aka biya ranar da aka haɗa sola kafin alƙalami ne kawai. Ainihin kuɗin wutar yana cikin batirin da za a yi ta sauyawa, sau nawa a shekara goma, kuma a kan nawa.

Abin takaici shi ne a kasuwar duniya batir sauka yake yi. Farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. Amma mu da dala ake shigo mana da shi, ga shi dalar da gwamnati ke canzarwa a wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Faɗuwar naira ta haɗiye rangwamen da ya kamata ya iso gare mu. Ƙarin abin mamaki, ana haƙo ma'adinin litiyam a ƙasar nan, har an buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa a 2024, amma sai ya ƙetare teku ya zama batir sannan ya dawo mana da tsada.

A matsayinmu na masu koyar da lissafi, bai kamata mu sayi batir da ido ba. Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko shi ne batirin dalma, mai ruwa, wanda aka fi sani, galibi mai bolt 12 da amfiya 200. Idan aka ninka lambobin biyu za a ga yana ɗaukar yunit 2.4 na wuta. Amma ƙa'idarsa ita ce kada a sha fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri, ke nan yunit 1.2 ne rabonmu a kowane dare. Na biyu shi ne na litiyam, wanda ake iya shan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa ko fiye, kuma nagarinsa yana jure caji da saukewa sau dubbai.

Farashi yana motsi kowane mako, don haka bari mu ƙaddara lambobi don misali kawai, kowa ya sa na kasuwar garinsu a madadinsu. A ce batirin dalma naira 300,000 ne, ya yi dare 1,000, wato shekara uku ba kaɗan. Yunit 1,200 ke nan ya bayar a rayuwarsa, kowane yunit ya tashi a kan naira 250. A ce kuma na litiyam mai yunit 5 naira miliyan ɗaya da rabi ne, ana shan yunit 4 a dare, ya yi dare 3,000, wato sama da shekara takwas. Ya ba da yunit 12,000, kowanne a kan naira 125. Wanda ya fi tsada a kanti shi ne mai araha a gida, kuma da rabin kuɗi. Magabata sun riga sun faɗa: sayen nagari, mai da kuɗi gida.

To, in haka ne, me ya hana mu sayen nagarin? Amsar tana cikin takardar albashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A wannan ma'auni, naira miliyan ɗaya da rabi albashin sama da wata ashirin da ɗaya ne, ba ci ba sha. Don haka malami ya kan sayi abin da adashe ɗaya zai iya saye, ya mutu, ya sake shiga wani adashen ya sayi irinsa. Wani ma ya kan gangara ga na gwanjo, wanda aka wanke aka manna wa sabuwar takarda, ya yi wata shida ya kwanta. A ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan kuɗin wuta mafi tsada, don kawai ba shi da dunƙulallen kuɗi a rana guda. Wannan shi ne zaluncin da ke cikin lamarin, kuma a nan ne ƙungiya take da abin yi.

Kafin mu zo kan ƙungiya, akwai abin da ke hannun kowannenmu, domin batura da yawa kashe su ake yi, ba su kai ga tsufa ba. Zafi shi ne babban maƙiyin batirin dalma. An ƙera shi ne don yanayi mai digiri 25, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. A ƙasar da bazara ke wuce digiri 40, ajiye batir a ɗakin kwano mara taga ko kusa da murhu ƙona kuɗi ne. A sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na famfo. Kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, domin tsohon zai ja sabon zuwa kabari. Da hunturu kuma a riƙa goge farantai, don ƙura tana hana batir cika, batirin dalma da ke kwana a rabin ciki kuwa ba ya daɗewa.

Haka nan a lissafa kayan da ake ɗora masa. Fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 75. Biyu daga cikinta a awa takwas sun cinye yunit 1.2, wato rabon dare gaba ɗaya, tun ba a kunna ƙwai ko talabijin ba. Fankokin da aka yi musamman don sola suna cin kusan sulusin haka. Dutsen guga yana jan wajen wat 1,000, saboda haka a yi guga da tsakar rana lokacin da faranti ke aiki. Sau da yawa sauya fanka biyu ya fi ƙara batir ɗaya sauƙi da amfani.

Game da ƙungiya, shawararmu ita ce reshe ya yi amfani da asusun taimakon kai da kai da muke da shi ya sayo batura a dunƙule. Mutum ɗari da suka je wurin babban dila da murya ɗaya ba za a yi musu farashin mutum ɗaya ba, kuma za su iya tsayawa a kan garanti rubutacce, da sharaɗin a sauya duk wanda ya gaza kafin wa'adi. Asusun ya saya ya sayar wa mamba da ribar da aka bayyana tun farko, a biya kaɗan-kaɗan daga albashi cikin shekara biyu ko uku. Wannan shi ne cinikin da malaman fiƙihu ke kira murabaha, babu kuɗin ruwa a cikinsa, don haka kowa zai iya shiga da kwanciyar hankali. Idan muka ci gaba da misalinmu, batirin litiyam mai rabin wancan girma a kan naira 750,000, a raba shi wata talatin, ya zama naira 25,000 a wata kafin a ɗora ribar asusu. Wanda ke zuba wa janareta lita ɗaya ta naira 1,000 kowane dare yana ƙona naira 30,000 a wata, kuma ba ya mallakar komai a ƙarshe sai hayaƙi.

Mun san akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu abin saurare ne. Wasu za su ce albashin da ake yanka tun bai iso hannu ba ya riga ya yi yawa, ga shi wani lokaci ba ya zuwa a kan kari. Gaskiya ne, shi ya sa shiga ya zama na ganin dama, a kuma sa iyaka ga abin da za a cire wa mutum a wata. Wasu za su ce litiyam ɗin ma akwai na jabu, akwati mai sheƙi da aka cika da tsofaffin ƙwayoyin batir. Wannan ma haka ne, kuma shi ne dalilin da ya sa sayen ɗaiɗaiku ya fi haɗari. A cikinmu akwai malaman fiziks da na makarantun koyon sana'a da suka san yadda ake gwada ainihin abin da batir ke ɗauka. A kafa kwamiti daga cikinsu ya gwada kaya kafin a biya, ya kuma duba ko inbatar kowane mamba za ta iya caja sabon batirin yadda ya dace. Akwai kuma masu tsoron kada cinikin ya zama hanyar cin kamasho ga wasu shugabanni. Maganin wannan shi ne a nemi farashi daga dila uku ko fiye, a karanta su a bainar taro, a liƙa rasit a allon sanarwa na ofishin reshe.

Saura batun tsohon batir. Yawancinmu mukan miƙa shi ga 'yan gwangwan mu karɓi ɗan abin da ya samu, ba ma tambayar inda za shi. Sau da yawa fasa shi ake yi a bayan gari, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a fili. Mu a Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi, domin a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya, waɗanda suka tsira kuma da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Yaran da ke wasa kusa da inda ake fasa baturanmu su ne za su zauna a gabanmu a aji. Don haka ya zama sharaɗi a cinikin reshe cewa dila zai karɓi tsofaffin batura ya kai su inda ake sarrafa su bisa ƙa'ida, a rage kuɗinsu daga na sabo.

Wannan duka bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Samar da wuta haƙƙi ne a kanta, kuma za mu ci gaba da neman a biya albashi cikakke a kan lokaci, a kuma sa malaman firamare da na sakandare a sahun gaba a duk wani shirin ba ma'aikata bashin kayan sola. Amma ba za mu zauna a duhu muna jiran ranar da hakan zai tabbata ba. Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, wakilan makarantu kuma su zo da sunayen masu sha'awa da lissafin kayan wutar da kowane gida ke amfani da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya haskaka gidajenmu, Ya sa albarka a cikin abin da muke samu.