Hijirar Masu Sana'ar Itace Zuwa Ƙasar Kura da Bunkure, da Haɗarin Ƙwaron Ɓawo

Maganarmu ta yau a kan itatuwa take, da mutanen da ke cin abinci a jikinsu, watau masu renon dashe, da masu auren mangwaro, da masu rage rassa, da masu faskaren icen girki.

Sanin kowa ne birnin Kano yana ta faɗi, lambunan da ke gefensa ana yanka su filaye ana gina gidaje. Saboda haka wanda sana'arsa ke bukatar fili da ruwa sai ya ɗauki gatarinsa da zartonsa ya nufi inda ruwa yake. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare kuwa shi ne ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, kudu da birni, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yake bin hanyoyinsa rani da damina. Wannan hijira halal ce, kuma akwai alheri cikinta. Amma tana da wani haɗari da ba a cika lura da shi ba, shi ne ɗan ƙwaron da ke tafiya ɓoye cikin kayan mai hijira.

Shi wannan ƙwaro ɗan'uwan gunda ne, girmansa bai wuce ƙwayar gero ba. Macen ita ke huda ɓawo ta shiga, ta haƙa hanyoyi tsakanin ɓawo da jikin itace, ta zuba ƙwai. 'Ya'yan su fito tsutsotsi, su yi ta cin wannan wuri mai taushi wanda ta nan ne abincin itace ke bi daga ganye zuwa saiwa. Idan suka kewaye gindi, itace ya mutu yana tsaye. Abin da ya fi wannan muni, waɗansu irinsa suna ɗauke da wata cuta mai kama da fumfuna, wadda ke toshe jijiyoyin ruwa na cikin itace. Alamominsa su ne ƙananan huji kamar na allura, da gari mai laushi a gindi, da ƙaro yana tsatsowa daga ɓawo, da ganye ya yanƙwane a reshe guda alhali sauran suna kore.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne. A ƙasar Oman, cikin 1998, aka ga mangwaro yana mutuwa farat ɗaya, da aka bincika sai aka tarar cuta ce wadda ƙwaron ɓawo ke kaiwa daga itace zuwa itace. Ta kashe dubban itatuwa a can, aka kuma same ta a Pakistan. A Afirka ta Kudu kuma, cikin 2017, aka gano wani irin ƙwaron da asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake, kafin a ankara ya kai manyan birane kamar Johannesburg. Shi da fiffikensa ba ya nisa. Abin da ya raba shi gari gari shi ne icen da mutane ke ɗauka a mota. Mu ma nan mun ɗanɗana irin wannan a 2016, sa'ad da tsutsar tumatir, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta cinye gonakin Kadawa har kwando ya gagari talaka. Tumatir dai ana sake shuka shi baɗi. Mangwaron da ya shekara 20 kuwa ba shi da baɗi.

To, me ya sa muka ce ƙasar noman rani ta fi bukatar hattara? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Itace mai lafiya idan ƙwaro ya huda shi, yakan fitar da ƙaro ya toshe hujin ya kashe baƙon. Wanda ya raunana shi ne abincinsa. Itace kuwa ƙishirwa tana raunana shi, yawan ruwa ma yana raunana shi. Inda magudanai suka toshe da ciyawa da laka, ruwa ya kwanta a gona, saiwa ba ta samun iska, sai ta fara ruɓewa. Ga kuma wutar da ake sa wa karan shinkafa kusa da gindi, da saran makiyaya domin ganye, da na masu ɓare ɓawo domin magani. Kowanne ƙofa ce a buɗe.

Saboda haka ga shawararmu ga mai niyyar ƙaura da sana'arsa. Ya tafi da iliminsa da kayan aikinsa, amma ya bar tsohon icensa inda ya sare shi. Gungumen da ya mutu a tsaye ba a san dalili ba, kada a loda shi a mota da ɓawonsa. A ɓare ɓawon a ƙone nan take, ko a mai da icen gawayi, ko a lulluɓe shi da leda cikin zafin rana har makonni, domin zafi yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Zarto da adda a wanke su, a gasa bakinsu a wuta kafin a taɓa wani itace, gama cutar tana bin ƙarfe. Dashen da aka kawo daga nesa a ajiye shi gefe guda a duba shi tukuna. Kada kuma a dogara ga feshi, domin magani ba ya iske abin da ke ƙarƙashin ɓawo. Wanda ya ga alama ya gaggauta gaya wa malamin gona ko na daji.

Ga fatake kuwa, hukuncin ciniki sananne ne: ba ya halatta a ɓoye aibin kaya. Icen da ke zubar da gari aibi gare shi, kuma cutarsa ba ta tsaya kan mai saye ba, tana wucewa zuwa lambun maƙwabcinsa. Ribar lori guda ba ta kai hasarar garka guda ba. Malamai su ma da hannunsu a ciki, domin almajirai ne ke ɗebo icen karatun dare su jibge shi a gindin darbejiyar da ake karatu ƙarƙashinta da rana. A nisanta tarin ice daga gindin itace mai rai, a kuma fara ƙona wanda ya fi huji.

Su kuma hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, su sani yashe magudana ba domin shinkafa kaɗai ba ne, har da itatuwan da ke kan iyakokin gonaki. Dagatai da masu unguwanni su riƙa tambayar baƙon mai sana'a daga ina icensa ya fito, kamar yadda ake tambayar asalin dabba a kara.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya ba masu sana'a sa'a a sabon mazauninsu. Haza wasalam.