Alat na bogi da ɓarawon cikin gida

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, ciniki ya koma waya, ɓarayi ma suka bi shi can. Mutum zai ci tuwo har da ƙarin nama, ya nuna wa mai abinci hoton alat, ya fice. Sai dare a duba asusu a tarar babu ko kwabo. Wannan da sauƙi: kada kaya su bar kanta sai an ga kuɗin a asusun shago, ba a wayar mai saye ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaron shago da ke ba kwastoma lambar asusunsa maimakon ta maigida. Kyamara ba ta ganin wannan. Rasit mai lamba ne ke kama shi, da ƙirga kaya kowane dare, da raba mai zuba abinci da mai karɓar kuɗi. Kai kuma maigida, ka biya yaronka haƙƙinsa a kan lokaci. Wanda dubban ɗaruruwa ke wucewa ta hannunsa kullum, alhali abin da kake ba shi bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba, kai ka jefa shi cikin jarrabawa.